Yaushe ya kamata a sauke taya a ɗaura sabuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi mota ta hannu, tayoyinta huɗu a ido suna da kyau, zanensu bai suɗe ba. Amma na ga 'yan tsage-tsage a gefen biyu daga cikinsu, ta gaba ta dama ta fi cinyewa ta ɓangaren ciki, ɗaya ta baya kuma an taɓa yi mata faci. Wani ya ce mini ba a canza taya sai ta yi kilomita dubu hamsin, wani ya ce muddin tana riƙe iska in ci gaba da hawa. Wanne ne daidai, kuma ta yaya zan gane da kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Duk maganganun biyu babu wadda za ta fisshe ka. Kilomita ba ma'auni ba ne, domin taya iri ɗaya tana iya yi wa wani direba ninkin tafiyar da ta yi wa wani, gwargwadon hanyar da yake bi, lodin da yake ɗauka, yadda yake taka birki, da yadda yake kula da iska. Riƙe iska kuwa aikin wata siririyar shimfiɗar roba ne da ke can ciki, kuma tana iya zama lafiya lau alhali wayoyin da ke ɗauke da nauyin motar sun fara rabuwa da robar da ke kansu. Abu uku ake dubawa: zurfin zane, shekarun tayar, da raunin da ta ji. Duk wanda ya riga kai iyaka a cikin ukun nan, shi ne ya yanke hukunci, ko da sauran biyun suna da saura.

Kafin a shiga awo, yana da kyau ka san abin da ke cikin taya, domin daga nan ne sauran bayanin zai zauna maka. Robar da ke taka ƙasa, mai zane, ita ce ta sama. A ƙarƙashinta akwai ɗamara ta wayoyin ƙarfe, yawanci hawa biyu, an gitta su da juna, su ne ke sa fuskar tayar ta kwanta sosai a kan kwalta. A ƙarƙashin ɗamarar akwai gangar jikin tayar, wato zaruruwa masu ƙarfi da suka taso daga baki ɗaya suka zagaya zuwa ɗaya bakin. A bakin kuma akwai zoben waya mai kauri da ke kama wili. Gefen taya ba shi da ɗamarar ƙarfe, zare ne kawai da roba marar kauri, domin a nan ne take lanƙwasawa. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne mannewar roba da ƙarfe da zare, wadda aka gasa a masana'anta. Ranar da mannewar nan ta saki, tayar ta mutu, komai kyan fuskarta.

Zurfin zane

Sabuwar tayar ƙaramar mota tana zuwa da zane mai zurfin kusan milimita 8. Iyakar da doka ta sa a ƙasashen Tarayyar Turai da Ingila da mafi yawan jihohin Amurka ita ce milimita 1.6. Masu ƙera taya sun sauƙaƙa gane wannan iyaka: a cikin manyan ramukan zanen, waɗanda suka zagaye tayar, akwai wasu 'yan tudun roba da suka gitta ramin a wurare da dama. Tsayinsu milimita 1.6 ne. Idan ka duba kafaɗar tayar za ka ga ɗan alwatika ko haruffan TWI, daidai saitin inda tudun yake. Da zarar fuskar tayar ta yi daidai da tudun nan, ko da a wuri ɗaya ne, tayar ta gama aiki.

Sai dai ni ba na ba kowa shawarar ya jira 1.6. Wannan iyakar doka ce, ba iyakar aminci ba. Aikin zane shi ne kwashe ruwa. Wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba sosai, kuma motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane daƙiƙa. Duk ruwan da ke kwance a kan wannan tsawon dole ramukan zanen su haɗiye shi su watsar gefe kafin roba ta samu taɓa kwalta. Idan zurfin ramukan ya ragu, ruwan ba ya samun mafita, sai ya taru a gaban tayar ya ɗaga ta, motar ta koma tana sulɓi a kan ruwa. A wannan hali sitiyari yakan yi sakayau a hannu, birki kuma ba shi da abin da zai kama. Wannan raunin yana fara bayyana sosai daga milimita 3 zuwa ƙasa, shi ya sa da yawa daga masana suke cewa a sauke a 3. Wanda ke tuƙi a ƙasar da ake dusar ƙanƙara, da tayar da aka yi domin hunturu, nasa ma'aunin 4 ne. Abin da ke yaudarar mutane shi ne suɗaɗɗiyar taya tana kama busasshiyar kwalta da kyau, sai direba ya saki jiki, har ranar da ruwan farko ya same shi a kan babbar hanya.

Ga yadda ake awon. Ka ajiye motar a wuri mai haske, ka ja birkin hannu, ka murɗa sitiyari har ƙarshe domin fuskar tayoyin gaba ta fito fili. Akwai ɗan ƙaramin ma'aunin zurfi mai tsinke da ake sayarwa, shi ya fi. Idan babu, ka tura tsinken ashana cikin ramin har ya taɓa ƙasa, ka sa farce daidai fuskar tayar, ka zaro ka ɗora a kan rula. Kada tsinken ya sauka a kan tudun da na ambata. Ka auna wuri uku a faɗin tayar, ramin waje, na tsakiya da na ciki, sannan ka gusa da motar kaɗan ka maimaita a wasu wurare biyu na kewayenta. Adadi mafi ƙanƙanta shi ne zurfin tayar, ba matsakaici ba. Tayoyin baya sai ka durƙusa ka leƙa da fitila, domin gefen ciki ne ke ɓoye ɓarna.

Awon nan zai iya gaya maka ma sauran tafiyar da ke gaba. A ce taya ta fara da milimita 8, ka yi kilomita 30,000 da ita, yanzu tana 5. Kenan tana cin milimita 1 a kowane kilomita 10,000, saura kusan 20,000 ta kai 3. Wannan lissafi ya fi duk wani adadi da wani zai yanke maka da ka.

Yadda tayar ta cinye ma labari ne. Idan kafaɗu biyu sun cinye tsakiya na nan, an daɗe ana hawanta da ƙarancin iska. Idan tsakiya ce ta suɗe kafaɗu na nan, iskar ta yi yawa. Idan gefe ɗaya ne kawai, kamar taka ta gaba ta dama, saitin ƙafar motar ne ya goce: ko wilin ya karkata, ko bakin tayoyin gaba ya buɗe ko ya tsuke fiye da ƙa'ida, ta yadda tayar ke jan ƙasa a karkace maimakon ta mirgina sak. Ka shafa tafin hannu a faɗin zanen, idan ta wani ɓangaren sumul ne amma ta ɗaya ɓangaren yana kartar hannu kamar haƙoran zarto, wannan ma matsalar saiti ce. Idan kuwa ka ji tudu da kwari a kewayen tayar, wuri ya lotsa wuri ya taso, yawanci shokozoba ce ta mutu tayar ke tsalle-tsalle, ko kuma ba a yi mata balansin ba. Suɗewa a wuri guda tak, kamar an goge da dutse, alamar birki ne da ya taɓa kulle tayar ta ja ƙasa. Amfanin sanin wannan shi ne, idan ba a gyara sanadin ba, sabuwar da za ka ɗaura haka za ta cinye. Kuma alaimen, wato saitin ƙafar mota, ba ya zama a kan ƙafar da bushin ɗinta ya lalace ko tayarod da boljoyin suke da wasa, sai an fara gyara waɗannan.

Shekaru

A nan ne masu motar hannu suka fi faɗawa rami, domin tsufan taya ba ya nunawa a zane. Roba tana tsufa ko ana hawa ko ba a hawa. Iskar da aka matse a ciki tana ratsa jikin tayar sannu a hankali, sinadarin oksijin da ke cikinta yana busar da robar da ke manne da wayoyin ƙarfe, ta yi tauri, ta daina miƙewa. Daga waje kuma rana da iska suna tsattsaga fatarta. Zafi yana gaggauta duk wannan, don haka tayar da ke aiki a ƙasa mai zafi ta fi saurin tsufa a kan wadda ke ƙasa mai sanyi. Wani abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, motar da ke ajiye ta fi wadda ake hawa saurin samun tsagewar taya. A cikin robar akwai sinadaran kariya da ke tasowa zuwa fatarta idan tana juyawa tana lanƙwasawa; idan ta zauna wuri guda wata da watanni, na saman ya ƙare, na ciki bai fito ba.

Ranar haihuwar kowace taya tana rubuce a gefenta. Ka nemi haruffan DOT, ka bi jerin haruffa da lambobin da ke biye da su har ƙarshe. Lambobi huɗu na ƙarshe, waɗanda galibi suke cikin ɗan zagaye, su ne ake nema: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019, wato farkon watan Yuni. 0522 na nufin mako na 5 na 2022. Sau da yawa cikakkiyar lambar a gefe ɗaya kawai take, idan ba ka gan ta a waje ba, tana ɓangaren ciki. Idan ka ga lambobi uku maimakon huɗu, an yi tayar kafin shekarar 2000, kada ma a tsaya dogon bincike. Ka duba kowace taya daban, domin motar hannu takan zo da tayoyi huɗu masu shekaru mabambanta.

Shekara nawa ne iyaka? Kamfanin Michelin ya ce daga shekara biyar a riƙa kai taya wurin ƙwararre yana duba ta aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma idan ta kai shekara goma daga ranar ƙira a sauke ta ko da zanenta bai taɓu ba, har da safaya. Wasu masu ƙera mota, kamar Ford, sun fi tsanantawa, sun ce shekara shida. Ra'ayina shi ne, wanda ke tuƙi cikin zafi, ko yake doguwar tafiya da gudu da lodi, ya riƙe shida. Goma ta fi dacewa da motar da ke kwana a inuwa, a yanayi mai sanyi, tana gajerun tafiye-tafiye.

Yanzu ga tsage-tsagen da ka gani. Siraran layuka kamar gashi, waɗanda sai ka matso ka ke ganinsu a fatar gefe, alamar tsufa ce da ta fara, ba hukuncin kisa ba ne nan take, amma agogo ya fara bugawa. Idan tsagar tana kama farce, ko tana buɗe baki idan ka danna gefen, ko ta zagaye tayar kusa da bakin wili ko kusa da kafaɗa, ko ka same ta a gindin ramukan zane, to ruwa da datti suna da hanyar kaiwa ga waya. Waya idan ta yi tsatsa sai ta saki robar da ke kanta. Irin wannan taya a sauke ta. Idan har kana hango zare ko waya ta cikin tsagar, ko kasuwa ba a zuwa da ita.

Rauni

Kumburi a gefen taya, wanda ke tasowa kamar ƙwai, shi ne wanda ba a yi masa jinkiri ko na kwana ɗaya. Yana faruwa ne idan tayar ta faɗa rami ko ta daki dakalin gefen titi da ƙarfi, gefenta ya matse tsakanin wili da abin da ta daka, zaruruwan ciki suka tsinke. Abin da ke riƙe da iska a wannan wurin yanzu roba ce zalla. Babu facin da ke mayar da tsinkakken zare. A ɗaura safaya, a nemi wata. Kada ka rikita shi da ɗan lotsawa mai tsayi da ake gani a gefen wasu tayoyi tun suna sabbi, wannan wurin da zaren ya hau kan juna ne a masana'anta, ba aibi ba ne. Wanda ya taso waje shi ne abin tsoro. Yanka a gefe kuma, idan ya kai ga zare, hukuncinsa ɗaya da kumburi.

Kumburi a kan fuskar tayar, ko zane da ya karkace ya yi kamar maciji idan tayar na juyawa, alamar ɗamarar ƙarfe ce ta rabu. Direba yakan ji motar tana rangaji a ƙaramin gudu, kamar tana ɗingishi, sitiyari yana kaɗawa hagu da dama a hankali. Wannan ita ce tayar da ke ɓare fatarta gaba ɗaya a kan babbar hanya. Irin wannan rabuwa ce ta sa a watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi kusan miliyan 6.5 a Amurka, mafi yawansu a kan motocin Ford Explorer, kuma haɗurran sun fi yawa a jihohi masu zafi. Bayan haka ne ƙasar ta yi dokar da ta wajabta sa na'urar gargaɗin iskar taya a sababbin motoci daga 2007.

Maganar faci tana da ƙa'ida. Hujin da ake gyarawa shi ne wanda ke kan fuskar taya, a tsakiyar zane, nesa da kafaɗa, kuma faɗinsa bai wuce milimita 6 ba. Huji a kafaɗa ko a gefe ba a gyara shi, domin wurin yana lanƙwasawa a kowane juyi, facin ba zai zauna ba. Gyara na ƙwarai kuma sai an cire tayar daga wili, an duba cikinta, an cike ramin da roba domin kada ruwa ya kai ga waya, sannan an manna faci daga ciki ya rufe shimfiɗar da ke riƙe iska. Igiyar robar da ake cusawa daga waje ba tare da an cire taya ba ta kai ka gida ce, ba ta zama ba. Faci biyu da suka hau kan juna ko suka yi kusa sosai sun raunana wurin. Sa tub a cikin tayar da aka yi ta ba tub domin a rufe wani rauni shi ma ɓoye cuta ne, kuma yana ƙara zafi a ciki.

Akwai raunin da ba a gani sam daga waje: tayar da aka yi tafiya da ita a sace. Ko da ɗan nisa ne, wili yana niƙa gefenta daga ciki. Idan aka cire ta za a ga garin baƙar roba a ciki, ko wani zobe da ya yamutse ya zagaye gefen. Wannan taya za ta karɓi iska ta tsaya kamar lafiyayya, amma ƙashinta ya karye. Saboda haka facin da ke tayarka ta baya, kada ka yarda da shi sai an cire ta ka ga cikin da idonka.

Zafi shi ne babban makashin taya, kuma abin da ya fi haifar da shi ƙarancin iska ne. Taya marar isasshiyar iska tana lanƙwasawa fiye da kima a kowane juyi, lanƙwasawar nan tana zama zafi, zafin yana cin mannewar roba da waya. Ka haɗa da lodi da gudu da kwalta mai zafi, ka samu fashewa. Da yawa suna rage iska idan za su yi tafiya cikin rana wai kada taya ta fashe, alhali wannan shi ne ke jawo fashewar. Adadin iskar da ya dace yana kan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, ko murfin tanki, ko littafin motar, kuma galibi akwai adadi na biyu domin cikakken lodi. Lambar da ke jikin tayar iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da motarka ke buƙata ba. Ana aunawa da sanyi, bayan motar ta huta kamar awa uku. Idan ta yi tafiya geji zai nuna ƙarin psi (ma'aunin ƙarfin iska) 3 ko 4, wannan daidai ne, kada a sace shi. Lafiyayyar taya ma tana rasa kusan psi 1 a wata, shi ya sa ake dubawa wata-wata. Fitilar gargaɗin da ke gaban direba, a tsarin Amurka, ba dole ta kama ba sai iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari, kuma kafin nan ɓarna ta yi nisa. Tayar da kullum sai an ƙara mata iska duk mako tana da dalili: ƙusa, bawul, ko bakin wili da ya lanƙwashe ko ya yi tsatsa. A nemo shi da ruwan sabulu.

Idan lokacin canji ya yi

Mafi kyau a canza huɗu tare. Idan hali bai kai ba, a canza biyu na layi ɗaya, iri ɗaya, girma ɗaya. Sababbin kuma a baya ake sa su, ko da injin motar ƙafafun gaba yake ja. Na san wannan ya saɓa wa abin da aka saba, amma dalilinsa mai ƙarfi ne. Idan tayoyin gaba suka sulɓe a kwana, motar takan miƙe, direba yana ji a sitiyari, ya ɗaga ƙafa daga totur ta dawo. Idan na baya ne suka sulɓe, bayan motar ne ke juyowa gaba, kuma direbobi kaɗan ne ke iya kamo ta. Canza taya ɗaya tak yana yiwuwa ne idan 'yar'uwarta ta ɗaya gefen kusan sabuwa ce. Motar da ke ja da ƙafa huɗu a kowane lokaci ta fi tsanani, domin bambancin zurfin zane yana nufin bambancin kewaye, tayoyin suna juyawa da sauri mabambanci, na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ta yi ta wahala har ta lalace. Littafin irin wannan mota yakan faɗi iyakar bambancin da aka yarda da shi.

Wajen zaɓe, ka bi rubutun da ke takardar ƙofa, ba wanda ke kan tsohuwar tayar ba, domin mai motar na farko yana iya sa ba daidai ba. Misali 205/55 R16 91V: faɗi milimita 205, tsayin gefe kashi 55 cikin ɗari na faɗin, wato kusan milimita 113, wili inci 16. Lamba 91 tana nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 615, da 94 ce da kilo 670 ne. Harafin ƙarshe iyakar gudu ne: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240, W 270. Kada a sauka ƙasa da abin da kamfanin motar ya sa, musamman lambar nauyi. Harafin gudu ma ba don za ka yi wannan gudun ba ne, yana nuna yadda tayar ke jure zafi. A kan tayoyi da yawa za ka ga an rubuta darajar jure zafi da A ko B ko C, A ce ta fi. Ka karanta ranar ƙira kafin a ɗaura. Tayar da ta yi shekara ɗaya ko biyu a ajiye a inuwa ba ta da laifi, amma wadda ta ci huɗu ko biyar a kanti an riga an cinye maka rabin rayuwarta.

Tayar hannu kuwa, matsalarta ba ka san tarihinta ba. Idan dole ta sa, ka duba ranar ƙira, ka sa hannu ka shafa cikinta duka kana neman faci da yamutsewa, ka duba zoben baki ko ya yage, ka buɗa gefen ka ga ko tsaga za ta bayyana. Ka yi hattara da wadda aka sake yanka wa zane da wuƙa mai zafi domin ta yi kama da sabuwa. Tayoyin manyan motoci ne kaɗai ake yi da ƙarin kaurin roba domin haka, kuma an rubuta a jikinsu. A tayar ƙaramar mota, wuƙar tana kaiwa dab da waya. Ana gane ta da ramuka marasa daidaito, da rashin 'yan tudun nan na awo, domin wuƙar ta share su.

Ranar ɗaurawa a sa sabon bawul, a goge tsatsar bakin wili, a yi balansin kowace taya. Idan akwai kibiya a gefen tayar, dole ta nuna inda taya ke juyawa idan motar na tafiya gaba; idan an rubuta OUTSIDE, wannan gefen ne ke kallon waje. A ɗaure notuna a gicciye, ba a jere ba, kuma da sifana mai awo gwargwadon abin da littafin motar ya ce, domin ɗaurin da ya wuce kima yana miƙar da ƙusoshin wili. A sake taɓa su bayan kilomita 50 zuwa 100. Sabuwar taya tana da ɗan santsi a farko, a bi ta a hankali na kilomita ɗari biyu ko uku. Daga nan a riƙa sauya musu wuri, gaba zuwa baya, duk kilomita 8,000 zuwa 10,000. Safaya ma a duba shekarunta da iskarta. Siririyar nan ta wucin gadi yawanci psi 60 take buƙata, kuma ba a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita.

Game da motarka, Malam, ga yadda zan bi. Ka fara karanta lambobin DOT na duka huɗun da safaya. Biyun nan masu tsaga, idan sun haura shekara shida, ko tsagar tana kama farce, ka sauke su ba tare da duba zurfin zanensu ba. Ta gaba ta dama ka auna ramin cikinta: idan ya kai 3 ko ƙasa, ta tafi, ko da wajenta yana 6, kuma a duba bushin da tayarod a yi alaimen a ranar da za a ɗaura sabuwa. Idan cikin yana sama da haka, a gyara saitin yanzu, za ta ƙara maka tafiya. Mai facin a cire ta daga wili a duba: faci ɗaya daga ciki, a tsakiyar zane, babu garin roba, babu yamutsewa, sai a mayar da ita. Idan lissafin ya nuna uku za su tafi, ka haɗa da ta huɗun, kuma kafin a yi haka kada ka hau babbar hanya da lodi.